Jarumar da Mai Kallo Ke Kasa Yanke wa Hukunci: Yadda Ake Gina Ta a Fim

Tambaya: Ina koyon rubutun fim, kuma ina yawan kallon finafinan baƙaƙen fata na Amurka da na kudancin Najeriya. Matan da ke jan wasu daga ciki suna ɗaure mini kai: za su yi ƙarya, su ci amana, har a rasa rai ta dalilinsu, amma mutum ya kasa daina kallonsu, wani lokaci ma ya ji yana goya musu baya. Ni kuwa duk macen da na rubuta, ko ta fito waliyyiya ko ta fito shaiɗaniya. Ta yaya ake gina irin waɗancan, kuma a ina ake yin kuskure?

Amsa: Malama, wannan matsalar ta zama ruwan dare a hannun masu fara rubutu, kuma tushenta kusan kullum ɗaya ne: ba a ba macen zaɓi ba. Waliyyiyarki abubuwa ne ke faɗo mata, ita kuma tana haƙuri. Shaiɗaniyarki tana mugunta ne saboda labarin yana bukatar wanda zai yi mugunta. A cikinsu babu wadda ta tsaya gaban hanyoyi biyu masu tsada, ta auna su, ta ɗauki ɗaya idonta biyu. Macen da kike nema daga wannan tsayuwar ake gina ta, sauran duk kayan taimako ne.

Yana da kyau ki san abin da ya sa irin waɗannan matan suka makara wajen bayyana a Amurka, domin tarkon da ya riƙe su yana nan har gobe. Shekaru da dama Hollywood ba ta san baƙar mace ba sai a siffa uku. Akwai mai aikin gidan Turawa, mai jiki da fara'a, wadda ba ta da wata damuwa sai ta iyayen gidanta. Irin wannan rawar ce ta sa Hattie McDaniel ta zama baƙar fata ta farko da ta ci kyautar Oscar a 1940. Akwai mai jan hankalin maza, wadda jikinta shi ne dukan labarinta. Sai mafaɗaciya mai ɗaga murya da riƙe ƙugu, wadda ake kira Sapphire, sunan wata mata a tsohon shirin barkwanci na Amos 'n' Andy. Da marubuta da 'yan wasa baƙaƙe suka fara samun ta cewa, abin da da yawansu suka sa a gaba shi ne wanke wannan dattin, a nuna mace mai ilimi, mai kamun kai, marar aibi. Niyya ce mai kyau, kuma an bukace ta a lokacin, amma ta haifar da siffa ta huɗu wadda ita ma babu ɗan Adam a cikinta. Tsoron nasu yana da dalili. Idan baƙar mace guda ɗaya ce tal a fim, duk abin da ta aikata za a ce halin baƙaƙen mata ke nan. Walter White, Baturen da ke jan shirin Breaking Bad, ya dafa ƙwaya ya kashe mutane daga 2008 zuwa 2013, babu wanda ya ɗauke shi wakilin fararen maza. A manyan tashoshin Amurka kuwa, tun daga shirin Get Christie Love! na 1974 sai da aka kai 2012 kafin baƙar mace ta sake jan shirin dirama, wato Kerry Washington a Scandal na Shonda Rhimes. Viola Davis ta biyo baya a 2014, Taraji P. Henson a 2015.

Daga wannan tarihin akwai abin aiki guda da za ki ɗauka yanzu: kada jarumarki ta zama ita kaɗai ce mace mai nauyi a labarin. Ki ajiye aƙalla wasu biyu kusa da ita, masu hali dabam da nata, kowace da bukatar kanta. Da zarar sun kai uku, kin sauke mata nauyin wakiltar mata duka, kuma ke ma hannunki zai daina rawa idan kin zo sa ta yin laifi.

Abin da za ki fara rubutawa shi ne bukatarta, a jimla ɗaya, kuma ta zama abin da kyamara za ta iya ɗauka. "Tana son a mutunta ta" bai isa ba, domin babu fitowar da za a iya ginawa a kansa. Cookie Lyon ta shirin Empire ta fito daga kurkuku bayan shekara 17, kuma tana son kasonta na kamfanin waƙa da aka kafa da dala 400,000 na cinikin ƙwayar da ya kai ta kurkukun. Eniola Salami ta fim ɗin King of Boys na Kemi Adetiba, wanda ya fito a 2018, tana son muƙamin siyasar da aka yi mata alkawari bayan ta daɗe tana yi wa 'yan siyasar Legas ƙazamin aiki. Dubi yadda kowace bukata take da fuska biyu. Cookie tana da haƙƙi, amma kuɗin na ƙwaya ne. An ci amanar Eniola, amma alkawarin da aka karya ladan ta'asa ne. Idan bukatar kanta tana ɗauke da haƙƙi da datti a haɗe, rabin aikinki ya ƙare tun kafin jarumar ta buɗe baki.

Sai ƙwarewa. Mai kallo yana jure mugun hali daga wanda ya iya aikinsa fiye da yadda yake jure shi daga rago. Shafin rubutun fim ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo, kuma a cikin shafi goma na farko ya kamata mu ga abu biyu: ta fi kowa a ɗakin iya abin da take yi, kuma akwai iyakar da za ta iya tsallakewa. King of Boys ya yi duka biyun a zama ɗaya. An buɗe da ƙasaitaccen bikin Eniola, manyan mutane na ta gaisuwa, sai ta sulale zuwa wani ɗaki ta hukunta wani mutum da hannunta, ta koma cikin baƙinta. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne jinkirta duhun. Marubuciya takan ji tsoron kada a tsani jarumarta, sai ta kwashe kashi biyar tana nuna kirkinta, a na shida ta sa ta aikata laifi. Mai kallo zai ji an yaudare shi, ya ce an sauya mata hali. Idan kuwa tun farko ya ga abin da za ta iya, duk kirkin da ta yi daga baya zai riƙa kallonsa da ido biyu, kuma wannan rashin natsuwar ita kike nema.

Yanzu ga zuciyar aikin, kuma babu misalin da ya fi Annalise Keating fito da shi. Shirin How to Get Away with Murder, wanda Peter Nowalk ya ƙirƙira, ya gudana daga 2014 zuwa 2020. Annalise lauya ce mai kare waɗanda ake tuhuma da manyan laifuka, kuma tana koyar da shari'a a wata jami'a a Philadelphia. A zangon farko, mai kashi 15, an kashe mijinta Sam a gidanta, kuma ɗalibanta huɗu suna da hannu a kisan da ɓoye gawar. A ƙarshen kashi na 9 ne muka gane ta sani tun daren. Da bincike ya matso, sai ta sa aka dasa shaidar da ta ɗora kisan a kan Nate Lahey, ɗan sandan da take nema a ɓoye, mutumin da matarsa ke kwance da ciwon daji, kuma wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Bayan an kama shi, ita ce kuma ta shiga fafutukar fitar da shi.

Ki warware wannan zaɓin ki ga sassansa, domin su za ki kwaikwaya. Na ɗaya, kowace hanya tana da asara ta gaske: ko matasa huɗu su tafi kurkuku ita ma ta bi su, ko marar laifi ɗaya ya tafi. Na biyu, akwai hanyar gaskiya a buɗe, wato ta je ta faɗi abin da ya faru, kuma mun san ta gan ta. Wannan sashen ne ake yawan mantawa. Idan kika toshe wa jaruma kowace ƙofa har ba ta da yadda za ta yi, kin mai da ita abar tausayi, kuma babu wani ruɗani a kan wanda aka tilasta. Na uku, niyyarta a cakuɗe take. Tana kare ɗalibanta, tana kuma kare wuyanta, kuma shirin bai taɓa auna mana wanne ya fi nauyi ba. Na huɗu, wanda ya biya kuɗin sabulu mutum ne da muka sani, muka ga fuskarsa, muka san halin da gidansa ke ciki. Da wani baƙo aka ɗora wa laifin, da mun manta kafin a dawo daga talla.

Wannan na huɗun ya cancanci a tsaya a kansa. Marubuta da yawa suna son jaruma mai duhu amma ba sa son mai kallo ya ji zafi, don haka duk wanda ta cuta sai su mai da shi azzalumin da ya cancanta: mugun miji, ɓarawon ɗan siyasa, mai fyaɗe. Sakamakon shi ne mace mai ɗaukar fansa, wadda kowa ke tafa wa. Finafinan fansa suna da daɗinsu, amma ba su ne kika tambaya ba. Ƙa'idar da za ki riƙe ita ce, a cikin manyan laifukanta, aƙalla ɗaya ya faɗa a kan wanda bai cancanta ba, kuma a ba wannan mutumin fitowa biyu ko uku tasa ta kansa kafin abin ya same shi. Michaela Coel ta kai wannan ƙa'idar wuri mai wuya a shirinta I May Destroy You na 2020, mai kashi 12. Jarumar shirin, Arabella, an zuba mata ƙwaya a abin sha an yi mata fyaɗe, babu wanda zai yi jayayya cewa ita aka zalunta. Duk da haka shirin ya nuna ta tana maye da yabon mabiyanta na intanet, tana juya wa amininta Kwame baya alhali shi ma an ci zarafinsa. Zaluncin da aka yi mata bai ragu ba ko kaɗan, rashin kyautawarta ma bai goge ba. An bar su biyun a jiki ɗaya. Rubutun ya ba Coel kyautar Emmy, babbar kyautar shirye-shiryen talabijin ta Amurka, a 2021.

Abu na gaba shi ne fitowar kaɗaici, inda babu mai ganinta sai mu. A ƙarshen kashi na 4 na zangon farko, Annalise ta zauna gaban madubi ta cire gashin kanti, ta ɓare gashin ido na kanti, ta goge kwalliya har fuskarta ta fito yadda Allah ya yi ta, sannan ta juya ta tuhumi mijinta a kan hotonsa da aka samu a wayar wata ɗaliba da aka kashe. Viola Davis, wadda ta fito a matsayin Annalise, ita ce da kanta ta nemi a yi wannan fitowar, kuma a 2015 ta zama baƙar mace ta farko da ta ci Emmy ta babbar jarumar dirama. Abin lura ga marubuciya: fitowar ba ta wanke Annalise daga komai ba, ba ta kuma yi bayanin komai ba. Ta nuna mana wahalar da ke cikin zama wannan matar da muke gani a kotu. Idan za ki rubuta irinta, ki ba ta minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi, babu magana, hannunta yana wani aiki na yau da kullum. Kada ta yi kuka tana faɗa wa bango damuwarta, kada kuma a saka kiɗan tausayi da zai gaya wa mai kallo abin da zai ji. Ɗaya a kowane kashi biyu ko uku ta wadatar. Idan ta yi yawa, sai ta zama roƙon gafara.

Tarihin baya kuwa kamar gishiri yake a miya, kuma nan ne hannu ya fi zarcewa. Kusan duk waɗannan matan suna da tabo: Eniola ta gudu daga gidan uba mai duka, Annalise kawunta ya ci zarafinta tana yarinya. Tambayar ita ce yaushe za a faɗa, kuma a bakin wa. Labarin kawun bai fito sosai ba sai a kashi na 13, bayan mun riga mun ga abin da ta yi wa Nate. Kuma ya fito ne ta bakin mahaifiyarta Ophelia, wadda Cicely Tyson ta fito a matsayinta, tana taje mata kai tana ba ta labarin yadda ta cinna wa gidansu wuta kawun yana ciki. Dubi abin da wannan ya yi: an je neman dalilin halin 'ya, sai aka tarar da uwa mai nata zaɓin mai nauyi. Da an buɗe shirin da cin zarafin, da duk abin da Annalise ta yi bayan nan mai kallo zai ce "ai ba laifinta ba ne", shi ke nan ruɗani ya mutu. Saboda haka laifi ya riga uzuri zuwa. Ki raba tarihin gida uku, kada jimillarsa ta wuce minti goma a zango guda, kuma ki tabbata akwai wani a labarin da ya sha irin wahalarta amma bai bi hanyarta ba. Kasancewarsa kaɗai ta isa ta tuna mana cewa zaɓa ta yi.

Tana kuma bukatar mutum ɗaya da ke da ikon gaya mata gaskiya a fuska, wanda ba za ta iya kora ko saye ba. A King of Boys akwai Gobir, jami'in yaƙi da cin hanci da ke binciken ta, mai gaskiya amma mai matar da ke jinya da bukatar kuɗi, don haka shi ma ana gwada shi. A ci gaban labarin da Netflix ta fitar a 2021, mai kashi 7, Adetiba ta sa Eniola ta ƙuruciya, wadda Toni Tones ta fito a matsayinta, tana bayyana wa babbar Eniola, wadda Sola Sobowale ta fito a matsayinta, tana zuga ta. Dabara ce mai amfani, amma mai haɗari ga sabon hannu, domin tana saurin komawa hanyar bayyana abin da ya kamata a gani a aikace.

Inda abin ya fi lalacewa shi ne kashi ɗaya bisa uku na ƙarshe, kuma hanyoyin lalacewar sanannu ne. Ta farko hauka. Fim ɗin Acrimony na Tyler Perry, na 2018, ya tayar da muhawara sosai a Najeriya, kuma akwai dalili. Melinda ta ƙarar da gadon mahaifiyarta da ƙuruciyarta a kan miji mai ƙoƙarin ƙera wani batir, ta gaji ta rabu da shi, sai arziki ya zo, ya ba ta dala miliyan 10 ya fanso mata gidan mahaifiyarta, ya auri wata. An biya ta ko ba a biya ta ba? Tambaya ce ta gaske, mutum biyu masu hankali za su iya saɓawa a kanta. Amma a ƙarshe fim ɗin ya mai da ita mai taɓin hankali da ke bin su da makami har cikin jirgin ruwa. Daga lokacin da aka ce ba ta cikin hayyacinta, an ƙwace mata zaɓi, tambayar kuma ta faɗi ƙasa. A ganina wannan asara ce babba, domin kashi biyu bisa uku na farkon fim ɗin sun tara abin da zai iya zama fim mai nauyi ƙwarai.

Ta biyu azaba daga sama. A Temptation na 2013, shi ma na Perry, matar da ta ci amanar aurenta ta ƙare da cutar ƙanjamau da kaɗaici. Ki bambanta sakamako da azaba. Sakamako yana tsirowa daga aikin kansa, ta hannun mutanen da aikin ya taɓa. Azaba marubuci ne ke jefo ta don ya nuna wa jama'a bai goyi bayan laifin ba. Eniola ta rasa 'ya'yanta biyu, Kemi da Kitan, kuma rashin yana da ciwo ne domin duniyar da ta gina da hannunta ita ta cinye su. Haɗarin mota, ciwo, ko gobarar da ba ta da alaƙa da laifin duk azaba ce. Gwajin mai sauƙi ne: ki ja layi daga abin da ya same ta zuwa abin da ta aikata. Idan layin bai bi ta kan wani mutum da shawararsa ba, ki goge.

Ta uku ta fi kama shirye-shirye masu dogon zango, wato ƙarin gishiri kowace shekara. Scandal ya yi zango 7. A farkonsa babban sirrin jarumar shirin, Olivia Pope, shi ne hannunta a maguɗin zaɓen shugaban ƙasa, kuma nauyin wannan sirrin ya riƙe shirin. Zuwa zango na 5 ta kashe mutum da kujera, kuma kusan duk wanda ke kewaye da ita ya riga ya kashe wani. Idan kowa a labari mai kisa ne, kisa ya daina auna komai. Maganinsa shi ne laifi na gaba ya fi na baya kusa da ita, ko da bai fi shi girma ba. Ta fara da cutar baƙo, sai abokin aiki, sai wanda ke cin abinci a kwano ɗaya da ita.

Finafinan Afirka da na Faransa suna da wasu hanyoyi biyu da ya kamata ki sani. A Hyènes na 1992, wanda Djibril Diop Mambéty na Senegal ya gina a kan wasan kwaikwayon Friedrich Dürrenmatt, Linguère Ramatou ta dawo garinsu Colobane da dukiya mai yawan gaske. Tana yarinya Dramaan Drameh ya yi mata ciki, ya sayi shaidun zur ya musanta, gari ya kore ta. Yanzu ta ce za ta azurta garin idan an kashe shi. Mutanen gari suka ƙi da babbar murya, sannan suka fara cin bashin kayan alatu a kantinsa. Ita ba ta sauya ba daga farko har ƙarshe, garin ne ke sauyawa, sai mai kallo ya tarar tuhumar ta tashi daga kanta ta koma kan jama'ar da suka zalunce ta jiya suke shirin zaluntar wani yau. Hanya ta biyun ita ce ta Alice Diop a Saint Omer na 2022, wanda ta gina a kan wata shari'ar gaske da ta halarta a Faransa a 2016. Laurence Coly, ɗaliba 'yar Senegal, ta ajiye 'yarta mai wata 15 a bakin teku ruwa ya tafi da ita. Ba ta musa ba. An kafa mata kyamara tana magana a natse na tsawon mintuna, ta ce ita ma ba ta san dalili ba, ta ambaci sammu, kuma fim ɗin ya ƙare ba a nuna hukuncin kotu ba. Ɓoye dalili irin wannan yana aiki ne kawai idan an cika mai kallo da bayanai na zahiri: wa ya yi watsi da ita, ina ta zauna, wa ya san da cikin. Idan babu waɗannan, ɓoyewar sai ta zama ragwancin marubuci.

Idan don kasuwar finafinan Hausa kike rubutu, siffofin da za su ja hannunki kin san su: mace mai haƙurin da ba ya ƙarewa, kishiya mai bin bokaye, uwar miji mai raba aure, da ƙarshen da muguwa ke haukacewa ko ta durƙusa tana neman gafara. Akwai kuma Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, da masu kallon da sukan ɗora wa 'yar wasa halin rawar da ta taka. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya hana ki. Giya da bindiga da zinar da kike gani a na Amurka tufafin wurinsu ne, ginin ba ya bukatarsu.

Ga yadda za ki iya gwadawa. Mace ce da ta sayar da gwala-gwalanta ta zuba a shagon atamfar mijinta a Kantin Kwari, babu takarda, babu shaida, ita ce kuma ke riƙe da littafin ciniki shekara da shekaru. Mijin ya rasu. 'Ya'yanta mata ne guda biyu, kishiyarta tana da namiji ɗan shekara 14. Ta san tumunin takaba su biyu za su raba, ta san rabon namiji ninki biyu ne na mace, ta kuma san idan ta ce jarinta ne dangin miji za su ce ta kawo shaida. Kafin ranar rabo ta kwashe wani kaso na kayan ta kai wani wuri, ta gyara littafin. Hanyar gaskiya a buɗe take, ta je gaban alƙali ta yi da'awa, amma ta san za ta iya tashi a tutar babu. Abin da ta kwashe kuma ya ɗan zarce abin da ta zuba, domin ta lissafa da wahalarta. Ta san hukuncin cin dukiyar maraya sarai, tana jin ayar a wajen tafsiri. Yaron kuwa yana kiranta Umma, ita ta yi masa jinya lokacin da ya yi ƙyanda, kuma bayan rabo an cire shi daga makarantar kuɗi.

A zango mai kashi 13, ki sa kwashe kayan a kashi na 2. Zaɓi na biyu ya zo a wajen na 6 ko na 7, lokacin da zargi ya faɗa kan yaron shago kuma kalma ɗaya daga bakinta za ta wanke shi. Na uku a kashi na 11 ko na 12, sa'ad da babbar 'yarta ta ci karo da littafin na asali, ya zama ko ta amsa ko ta ƙaryata 'yar cikinta a gaban dangi. Labarin gwala-gwalan kada ya fito gaba ɗaya sai bayan zaɓi na biyu. Idan kin gama, ki ba mutum shida rubutun, maza da mata, manya da yara, ki yi musu tambaya ɗaya: da ku ne dangi, me za ku yi mata? Idan duk shidan suka ce a yafe mata, uzurin ya yi yawa, ki ƙara wa yaron da yaron shagon fitowa. Idan duk suka ce a hukunta ta, ki matso da labarin jarin gaba, ki kuma nuna wani daga dangin mijin yana auna shagon tun ba a yi sadakar bakwai ba. Idan suka rabu gida biyu suna musu, ki bar rubutun yadda yake ki wuce ga gyaran maganganu.